Wanda Ya Zuba Taki a Gidan Gilashi

Ranar Asabar da safe aka gano an buɗe Gidan Gilashi. Kafin azahar duk Jiratawa ta gama yanke wa mijina hukunci.

Wanda bai san Gidan Gilashi ba, bari in faɗa masa. Wani furoje ne, wato aikin masu bincike, ya gina shi a gefen lambunan Jiratawa, ƙaton ɗaki na gilashi, a toshe ruf, iska ba ta shiga ba ta fita. Aka zuba ƙasa a ciki, aka shuka zogale da wake da dankali, aka sa mutum huɗu aka rufe. Ruwan da suka sha shi za a tace su sake sha, iskar da suka fitar ganye ya gyara musu ita. Wai ana son a gano yadda ɗan Adam zai rayu in zafi da fari suka fi ƙarfin ƙasa. Ni dai Susana ban taɓa gane kan abin ba, amma a nan mijina Kalibu yake gadi, da shi muke ci.

To, ranar Asabar ɗin nan mutanen ciki suka shiga ɗakin shuka suka tarar an zuba taki a gindin zogale. Aka duba ƙaramar ƙofar baya, an yanke robar da ta toshe ta. Na'ura ta nuna ranar Juma'a aka buɗe, lokacin da ma'aikata suka watse suka tafi shirin masallaci. Wa ke zama ranar Juma'a? Kalibu, Kirista ɗan Tibiri, wanda tun da aka fara aikin yake tsare musu wurin su je su yi salla hankali kwance. Alherin da yake yi musu shi ya zama shaidar da aka kama shi da ita. Kai, mutane!

Kwamitin furoje ya ce ya zauna gida, ranar Alhamis kuma za a miƙa shi ga hukuma. Kalibu ya dawo Tibiri ya shige ɗaki. Ranar Lahadi ko majami'a bai je ba. Ni kuwa ranar Talata na yafa mayafina na nufi Maraɗi.

* * *

A Sabon Gari na sami Malam Tanimu, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda ake nema in an sace shanu ya bi sawu. Yana zaune a ƙofar gida yana gyaran rediyo. Na zayyana masa komai ba ko numfashi.

"'Yar nan, kin gama?" in ji shi.

"Ban gama ba, Baba. Azzalumai ne, munafukai, marasa..."

"To tsaya. In na bi sawu ya kai ni ɗakin mijinki fa?"

"Ba zai kai ka ba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Ni ba na bin sawu don in faranta wa mai kira rai."

Na haɗiye abin da ke bakina da ƙyar. "In ya kai ka, ka faɗa a gaban kowa."

Ya ajiye rediyon ya ɗauki hularsa. "Amma ki rage wutar nan, kada ki ƙone mini shaida."

* * *

Madam Samira ce shugabar binciken. Tana Yamai aka yi abin, ta dawo idanunta jajur. Na zo da niyyar in wanke ta tas, sai na tarar da mace ta fi ni ɓacin rai.

"Madam," in ji Malam Tanimu, "ni ban gane ba. Taki ai abincin shuka ne. Mene ne ɓarnar?"

"Malam, a waje abinci ne. A ciki masifa ce. Taki cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ma iska suke shaƙa. Iskar da ke ciki a aune take, ta mutum huɗu ce. Tun jiya ɗaya daga cikinsu take ciwon kai. In abin ya ci gaba dole in fito da su, aikin da muka daɗe muna yi ya tafi a banza."

"Makullin ƙofar baya fa?"

"Uku ne. Ɗaya a wurina, ɗaya wurin Maman Lawali, mutumin da ke kula da kayan aiki, ɗaya wurin Kalibu saboda gobara." Ta dube ni. "Ni ban ce mijinki ne ba. Amma ba ni da abin da zan nuna wa kwamiti."

Ta kai mu jikin gilashin. Malam Tanimu ya manna goshi yana leƙe, ya daɗe har na ƙosa.

"Zogalen nan ya yi rawaya," ya ce.

"Da gangan ne. Muna auna iya ƙarancin abincin da zai jure."

"Susana, zo ki gani. Yaya aka zuba takin?"

Na leƙa. An zagaye kowane gindi da shi, an bar tazara kada ya taɓa itacen, an rufa ƙasa a kai.

"In ke za ki yi wa mutum mugunta, haka za ki tsaya ki jera?"

"Watsa masa zan yi in gudu."

"Na yarda da ke," in ji shi, har da dariya.

* * *

Ni tun farko Inusa nake zargi, mai lambun da ke maƙwabtaka da wurin. Kowa ya san ya sha yin rigima da furoje a kan ruwa. Muka same shi yana cirar tattasai, ga sawun amalankensa har gindin shingen furoje.

"E, amalankena ne," ya ce. "Na faɗa na ƙara, tun da suka haƙa rijiyarsu ruwana ya ja baya. Amma ni in zan yi faɗa a fili nake yi. Kuma taki? In kwashi takina in ba su kyauta? Malam, ka ga na yi kama da mahaukaci?"

"Wane taki kake zubawa?"

"Na shanu." Ya nuna tulin da ke gefe.

Malam Tanimu ya ciro wani ƙullin leda daga aljihu, ɗan abin da ya zube a bakin ƙofar baya wanda Madam Samira ta ba shi. Ya murza ya sunsuna. "Wannan na awaki ne, ya kwana biyu ya ruɓe, an gauraya da toka, har tankaɗe shi aka yi."

Inusa ya kalle ni ta gefen ido. "To wa ke kiwon awaki? Na ji an ce akwai garke a Tibiri."

Jama'a, da Malam Tanimu bai riƙe mini mayafi ba, da ranar nan an raba ni da ƙato a cikin tattasai. Awakinmu ai da guminmu muka tara su!

"Ranar Juma'a ka yi ban-ruwa?" ya tambaye shi.

"Da safe. Har magudanar ta ɓalle ta malale bayan gidan nasu, suka zo suna yi mini surutu."

"Madalla," in ji Malam Tanimu. Ban ga abin madalla a ciki ba.

* * *

Maman Lawali ya tarbe mu da fara'a a ɗakin ajiyar kaya, sanye da takalmi sau-ciki yana ƙyalli. Mutumin da ya sha zuwa gidanmu ya ci tuwona. Ya ce abin ya dame shi ƙwarai, ko barci ba ya yi.

"Ni na san Kalibu mutumin kirki ne," ya ce. "Amma zuciya ba a shaidarta. Ya taɓa cewa bai kamata a kulle mutane kamar kaji ba, kowa ya ji."

"Wasa yake yi, kai ma ka yi dariya!" na ce.

"Ranar Juma'a kana ina?" in ji Malam Tanimu.

"Masallaci, a Maraɗi. Mutane da yawa sun gan ni."

Daga nan muka zagaya bayan gidan. Ruwan Inusa ya jiƙa laka, rana ta busar da ita, duk abin da ya taka wurin ya zauna daram kamar an zana. 'Yan kallo duk ta gaba suka yi cincirindo, ba wanda ya tattake nan. Malam Tanimu ya hana ni matsowa. Ya tsuguna, ya tashi, ya koma bakin ƙaramar ƙofar shingen da ke fita cikin lambuna, ya dawo yana tafe a karkace.

"Mutum biyu ne," ya ce. "Ɗaya tsoho ne, da sanda, yana jan ƙafar dama, da takalminsa. Ɗayan shi ya ɗauko buhun, dubi yadda diddigensa ya nutse. Shi ya riga isowa ya buɗe shinge. To dubi nan."

Na duba. Sawun takalmi biyu a jere, an ajiye su gefe. Daga nan sai sawun ƙafa tsirara, yatsu a matse da juna. A gaban sawun tsohon kuma ga alamar inda aka durƙusa.

"Ya cire takalmi don kada a ji motsinsa," na ce.

"Da rana tsaka, a laka, ga tsoho na ƙwanƙwasa sanda? A'a." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Mu je mu ci abinci."

Wurin Tsahara muka zauna, mai dafa wa ma'aikata shinkafa da wake. Ni ko abincin ban taɓa ba, shi kuwa ya buɗe hira kamar wanda ya zo biki. Wane ɗan wa ne, wa ya auri 'yar wa, wa ya yi suna bara. Tsahara ta sami abin da take so, ta yi ta zuba.

"Baba," na ce da muka tashi, "jibi za a tafi da mijina, kai kana nan kana gulmar aure?"

"Ina nan ina yi," ya ce.

* * *

Da la'asar muka isa Tibiri. Kalibu ya fito ya rame, ya gaida baƙo a hankali. Malam Tanimu ya leƙa garken awaki, ya damƙi takin ya murza, ya watsar.

"Malam Kalibu, ranar Juma'a kana ina?"

"Ƙofar gaba. Ban tashi ba. Daga can ba a hango baya."

"Ba ka ji komai ba?"

"Injin sanyaya gidan yana da ƙara." Ya sunkuyar da kai. "Laifina ɗaya, ban zagaya ba. Na ɗauka ranar Juma'a ba mai zuwa."

"Cire takalminka ka taka nan."

Ya zuba ruwan buta a ƙasa, Kalibu ya taka. Ƙafar mijina faffaɗa ce, yatsu a baje, ƙafar wanda ya tashi a gona. Malam Tanimu ya dube ta ya gyaɗa kai.

"Gobe da hantsi ka zo Jiratawa. Ka sa rigarka mai kyau."

"Ba zan iya haɗa ido da su ba."

"Baban Hadassa," na ce, "ko a kafaɗa ne sai na kai ka. Su ya kamata su kasa haɗa ido da kai."

* * *

Madam Samira ta tara mutane a inuwar da ke gaban Gidan Gilashi: 'yan kwamiti, ma'aikata, Inusa, Maman Lawali, Tsahara da ludayinta a hannu. Mutum huɗun nan ma suka matso jikin gilashi daga ciki suna kallo. Da Kalibu ya zauna, na kusa da shi ya ja jikinsa. Na gani, kuma ban manta fuskarsa ba.

Tun da sassafe Malam Tanimu ya sa aka yayyafa ruwa a filin, wai saboda zafi, shi kuma ya ɓace. Har an fara guna-guni sai ga adaidaita ta tsaya. Malam Tanimu ya fito, ya taimaka wa wani dattijo ya sauko, farin gemu, da sanda, yana jan ƙafar dama.

"Malam Abdulmutallib ne," in ji Tsahara a kunnena. "Tsohon mai lambu, yanzu yana unguwar Zariya a Maraɗi wurin 'ya'yansa. Kunnensa ya yi nauyi."

Kowa ya gaishe shi daga inda yake zaune. Maman Lawali kuwa zumbur ya miƙe, ya tuɓe takalmansa ya ajiye su gefe a jere, ya tako ƙafa tsirara ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, barka da zuwa. Me ya fito da kai?"

"Tashi, Maman Lawali," in ji Malam Tanimu, "amma ka koma da baya, kada ka taka inda ka taka."

A jiƙaƙƙiyar ƙasa ga takalmi biyu a jere, ga ƙafa tsirara mai matsattsun yatsu, ga wurin durƙuso a gaban mai sanda.

"Duk mai so ya zagaya baya ya gani," in ji Malam Tanimu. "Abin da ke nan shi ne a can. Na tambayi kaina, wa ke tuɓe takalmi a laka ya durƙusa wa mutum? Sai wanda ya ga surukinsa. A cikin masu makulli, mutum ɗaya ne ke auren 'yar mai lambu."

Inusa ya riga kowa tashi da gudu ya zagaya. Ya dawo yana tafa hannu. "Wallahi shi ne! Har karkacewar babban yatsan!"

Tsohon yana ta duban fuskoki. "Me ake cewa ne? An ce mini in zo a ga zogale."

Malam Tanimu ya matsa kusa da kunnensa ya ɗaga murya. "Malam, ana tambaya wa ya zuba taki a ciki!"

Fuskar dattijon ta washe. "Ni ne mana! Ya kama ko? Da yaron nan ya kawo ni kallo na ga ganye ya yi rawaya, na kasa barci. Na ce masa wannan yunwa ce, ku ba ku gani? Ya ce ba a shiga. Na ce haba, ni za ka ce wa ba a shiga? Da hannuna na tankaɗe takin. Muka zuba muka wuce masallaci." Ya juya wurin Madam Samira. "'Yata, ba sai kin gode ba."

Madam Samira ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta buɗe, ta durƙusa kusa da shi ta yi masa bayani da ƙarfi, dalla-dalla: rawayar da gangan ce, takin yana cinye iskar mutanen ciki, yau za ta fito da su. Sannan ta nuna Kalibu ta ce ga wanda aka ɗora wa laifin, gobe za a kai shi hukuma.

Tsohon ya juya ya dubi Maman Lawali.

"Lawali. Ka san da wannan?"

"Baba, kunya na ji. Yaya zan ce maka a'a? Da abin ya ɓaci kuma, yaya zan buɗe baki in kira sunanka a gaban mutane?"

Nan fa na tashi. Ba wanda ya isa ya riƙe ni.

"Kunya? Kunya ka ce? Ka ji kunyar surukinka, ba ka ji kunyar mutumin da ka ci tuwo a gidansa ba! Sunan Baba ya fi ƙarfin bakinka, na mijina kuwa ka ɗauka ka ba 'yan gari suna taunawa! Har kana cewa zuciya ba a shaidarta. Tir da wannan kunya! Ku kuma da kuke zaune, shekara nawa yana tsare muku ƙofa kuna salla? Ko mutum ɗaya a cikinku ya taka zuwa Tibiri ya tambaye shi?"

Shugaban kwamiti ya fara wani dogon zance, wai an yi kuskure, Kalibu ya koma aikinsa, Maman Lawali kuma za a zauna a kansa. Dattijon yana ta maimaita, "Ni za ku kai, ni na zuba," hawaye na bin gemunsa. Shi kam ban riƙe shi a zuciya ba.

Sai Kalibu ya miƙe.

"Maman Lawali, tambaya ɗaya gare ni. Kai aka ce za ka kai ni a motar furoje gobe. Da Malam Tanimu bai zo ba, da ka kai ni?"

"Kalibu, Allah ya sani na yi ta addu'a abin ya wuce..."

"Ba ita na tambaye ka ba."

Maman Lawali ya dubi surukinsa, ya dubi ƙasa.

"Da na kai ka."

Kalibu ya gyaɗa kai. "Na gode da ka faɗi gaskiya," ya ce. Madam Samira ta roƙe shi ya tsaya ya buɗe wa mutanen ciki babbar ƙofa da hannunsa, kowa ya gani. Ya buɗe, suka fito suna layi, kowannensu ya kama hannunsa. Ya yi wa Malam Tanimu godiya, ya yi wa dattijon sallama da ladabi, muka tari kabu-kabu biyu.

Har muka wuce Maraɗi ina hango bayansa a miƙe. Sai da muka kusa Tibiri na ga ya dafa kafaɗar mai babur ya tsaya. Ya sauka ya zauna a bakin hanya cikin rigarsa mai kyau, ya kifa kai a gwiwa. Tun da na aure shi ban taɓa jin kukansa ba sai ranar. Na sallami masu babur, na zauna kusa da shi har ya gama.